Tukunya Mai Zufa

A wani kantin magani da ke Ƙofar Kibo, Hajiya Batul tana zaune kan benci tana jiran maganin hawan jini, idonta na kan wani dattijo da ba ta sani ba. Siriri ne, gemunsa na neman almakashi, ga tabon tawada a aljihunsa. Ta ce a ranta, wannan tsohon akawu ne. Ya rungumo tukunyar ƙasa, gaban rigarsa duk ya jiƙe.

Yana ajiye ta sai ya tona jiƙaƙƙen yashin da ke ciki, ya zaro 'yar kwalbar allurar ciwon suga ƙulle a leda.

Ya dubi mai kantin ya ce, "Malama, kwana huɗu ba wuta, shi ne na sa ta a nan. Ga tukunyar sai zufa take. Maganin ya lalace ko? Siminti nake so in shafa mata."

Mai kantin, Malama Mildred, ta ɗaga kwalbar a haske, ta kara ta a kumatu.

"Baba, garau yake. Zufar nan ai ita ce firijinka. Ruwa ba ya bushewa sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Kana shafa siminti ka dafa maganin."

Bai ce maganin na wane ne ba, Batul kuma ba ta tambaya ba. Ta dai ga yadda yake mayar da ƙullin ledar a tsanake, ta san ya daɗe yana jinyar wani.

Ya sauke numfashi, ya sayi ruwan leda ɗaya ya ɓula da haƙori. Yashin ya fara shayarwa, sannan ya sha ragowar.