Haramin Baba Isufu a Cikin Akwati

Cikin shekarun da na yi a kantar awon kaya ta filin jirgin Libreville, ranar da ba na mantawa ita ce ta tafiyar Baba Isufu umara. Aikinmu a kantar nan shi ne duba fasfo, auna akwati, a liƙa masa takardar garin da zai sauka, a tura shi bisa bel. Da ya shige labule, ya bar hannunmu ke nan.

Baba Isufu dattijo ne ɗan Damagaram mai sayar da atamfa a unguwar Awendjé, kuma bai taɓa zuwa Makka ba. Ya zo ana gab da rufe kanta, akwatinsa ya sha leda kamar mai tsoron ɓarayi. Abokiyar aikina ta liƙa wa akwatin takardar Jidda, ta tura shi. Da yake ni kaɗai ke jin Hausa a layinmu, na matsa na gaishe shi, na ce Allah Ya sa harami na cikin jakar hannu.

"Yana can ƙasan akwati, 'yata. Idan mun sauka Jidda na ɗaura."

Daga nan zuwa Addis Ababa, inda zai canja jirgi, kusan awa biyar ne, daga can zuwa Jidda awa biyu da wani abu. Mikati kuwa, wato iyakar da mai umara ba ya ƙetarewa sai da harami, a sama ake wuce shi kafin sauka. Akwatin ba zai sake ganinsa ba sai Jidda. Da na faɗa masa, idon tsohon ya ciko.

Na tafi wurin shugabarmu, Madam. Kirista ce, ba ta san mikati ba, amma ta san jirgi ba ya jiran kowa. Ta tambaya ko ba za a sayi wani a Addis ba, na ce ba ni da tabbas, kuma ba zan yi caca da ibadar tsoho ba. Ta dubi agogo, ta dube ni.

"Idan motar kai kaya jirgi ta tashi, ki haƙura. Ruga."

Na cire takalmin tsini na sauka ɗakin kaya da gudu. Akwatuna duk sun sha leda iri ɗaya, 'yan kasuwarmu ke nan! Da lambar takarda na gano nasa, har an ɗora shi a mota. Aka fito da shi, Baba ya yaga ledar da hannunsa ya zaro fararen ƙyallayen nan biyu, ya rungume su a ƙirji. Jirgi ya tashi a kan lokaci.

Har gobe ina alfahari da ranar nan. Ta koya mini cewa sanin awannin tafiya bai isa ba, sai ka san abin da fasinja zai yi a cikinsu. Yanzu duk lokacin umara, idan Madam ta hango dattijo da carbi, ita ke riga ni tambaya, da Hausarta guda ɗaya tak: "Baba, ina harami?"