Yero da Tayoyin Ƙasar Sanyi

Yero bai taɓa shirin zama direba ba. A ruga aka haife shi, a gefen hanyar Bwari, a wani fili da yanzu an kewaye shi da katanga an jera gidaje masu jan rufi iri ɗaya. Tun bai kai tsawon sandarsa ba yake bin shanu, kuma abin da aka san shi da shi a cikin samarin rugar shi ne hannu. In za a sayi saniya, shi ake turawa kara. Ba ya doguwar magana da dillali. Zai zagaya dabba, ya dafa tozo, ya danna babban yatsa a cinya, ya ja fatar wuya ya saki. In fatar ta yi laushi ta koma da sauri, lafiyayya ce. In ta yi tauri ta tsaya, ko kyauta aka ba shi ba ya so.

Gari ne ya cinye garkensu, a hankali. Burtali ya zama titi, mashaya ta zama wurin wankin mota. Shanu suka koma kiwo a bola, suna haɗiye leda suna kumbura suna mutuwa. Wasu aka sace, wasu suka tafi a biyan ɓarnar gona. Da mahaifinsa ya rasu aka raba gado, abin da ya zo hannun Yero bai kai a kira shi garke ba.

A lokacin ne Baffa, ƙanin mahaifinsa, ya zo masa da shawara. Akwai wani attajiri da ke da shanu a wani daji can bayan an haye kogin Neja, yana neman makiyayan haya. Ba a zuwa da iyali, kuma ba a ganin gida sai Sallah, in mai dukiya ya yarda. Yero ya saurara da ladabi ya ce a ba shi lokaci. Yana da mata, Zulai, da 'yarsu Khaula wadda ta fara firamare a Dutse Alhaji, ta farko a danginsu da ta sa kayan makaranta. Maimakon ya bi Baffa, sai ya kaɗa ragowar shanun zuwa kara, ya koyi tuƙi wurin wani maƙwabci, ya sayi tsohuwar mota mai dogon baya, aka yi mata fentin kore da fari. Tun daga ranar ya san matsayinsa. Muddin motar nan tana kan hanya, shi maigida ne yana kwana a ɗakinsa. Ran da ta tsaya, sai daji da shanun wani.

Aikin da ya samar wa kansa bai da hayaniya. Da sassafe zai bi rugagen da suka rage a bayan Bwari ya ɗebo mata masu nono, har da Zulai, wadda yanzu sarin madara take yi wurin maƙwabta tunda tata ta ƙare. A jera ƙwarya a but ɗin motar, a tokare da gammo da tsumma, a rufe da faifai. Wasu su sauka a Dutse, sauran ya kai su Wuse. Da rana ya ɗan yi jigilar fasinja, da la'asar ya mayar da matan gida. Sun yarda da shi saboda ba ya gudu, ba ya taka burki da ƙarfi, kuma ya san in kindirmo ya sha jijjiga ya tsinke, ranar mace ta tashi a banza.

Taya kuwa wurin George yake saye, wani Batibe mai rumfar tayoyin gwanjo a bakin titin Dutse, kusa da masu faci. Da yake akwai wasa tsakanin Tibi da Fulani, ba su taɓa gaisawa da mutunci ba. Yero na fitowa daga mota George zai ɗaga murya ya tambaye shi ko taya ya zo saye ko shanun Fulani da kakannin Tibi suka cinye ya zo nema.

"Ƙashin na zo karɓa," in ji Yero, "tunda naman ya wuce."

Daga nan sai ya shiga cikin tarin tayoyi ya yi abin da ya iya. Ya mirgino ɗaya, ya shafa bayanta, ya danna babban yatsa. Yawancinsu sun bushe sun yi tauri kamar fatar tsohuwar saniya a ƙarshen rani, waɗannan ture su yake yi. Amma akwai wasu masu laushi, yatsa na shiga suna dawowa, zanensu mai zurfi da ƙananan tsaga-tsaga bila adadin. A gefensu akwai wata alama, dutse mai kai uku da wani abu kamar fure a ciki. Yero ya ɗauka shaidar babban gida ce, irin wadda masu dukiya ke yi wa shanunsu. George, wanda shi ma a kwantena ake sauke masa su ba tare da bayani ba, ya ce ai wannan taya Beljiyam ne na asali, oga ya iya zaɓe. Direbobin tasha suka riƙa yi wa Yero tsiya wai saura ya buɗe bakin taya ya duba haƙora, amma da yawansu sun koma suna roƙonsa ya zaɓar musu.

A wurin jami'an da ke tsare hanya suna duba lafiyar motoci ma tayoyin sun yi masa rana. Su zurfin zane suke dubawa. Za a tsayar da mota mai suɗaɗɗiyar taya a tafi da ita ofis, a zo kan ta Yero a tura makulli cikin zane ya nutse, a buga masa but a ce ya wuce.

Abu ɗaya ne ya dame shi: tayoyin ba sa daɗewa. Da damina suna ɗan yin lasti, amma da zarar bazara ta kama, zanen nan mai kyau sai ya narke kamar man shanu a rana. In ya tsaya ya taɓa su, zafi kamar gindin tukunya, ga wani ƙauri na roba. Ya ɗora laifin a kan ramukan hanya, ya ɗora a kan nauyin kaya, har ya taɓa karɓo laya ya rataya a madubi don ya fara zargin baki. Duk abin da ya ɗan tara da niyyar sayen karsana ko guda ɗaya, a rumfar George yake ƙarewa. Da aka cire tallafin mai, abin ya ƙara tsanani, don mai ya cinye rabin abin da taya ta bari.

Wanda ya gaya masa gaskiyar lamarin shi ne Alhaji Maitama, wani ma'aikacin gwamnati da ke sayen man shanu wurin Zulai a Wuse. Wata rana ya biyo ta har mota don ya karɓi saƙonsa, idonsa ya faɗa kan taya, ya tattare babbar riga ya tsuguna. Ya yi karatu a wata ƙasa mai sanyi, ya san alamar.

"Malam Yero, wannan ba ta ƙasarmu ba ce. Ta ƙanƙara ce."

Ya yi masa bayani a tsanake. Abin da ke cikin dutsen ba fure ba ne, dusar ƙanƙara ce. Da gangan ake yin robar da laushi don kada sanyi ya sandarar da ita. A wasu ƙasashen can doka ce, lokacin hunturu dole direba ya sa ta, in zafi ya shigo ya cire. Waɗanda aka gama da su a can ne ake lodowa a kawo nan, a ɗora su kan kwaltar da ke gasa ƙafa ta cikin takalmi. Ya ce ko a ofishinsu sukan yi gardama a kai: wasu na cewa kamar yadda can aka wajabta ta, nan ya kamata a haramta ta, wasu na cewa in aka yi haka rabin motocin haya za su kwanta. Shi dai shawararsa, ya sayi sabuwa dal wadda aka yi don zafi. Da zuciya ɗaya ya faɗa, Yero kuma ya yi godiya da zuciya ɗaya.

Ya kwashi matan ya ɗauki hanyar gida. Abin da ya fi ci masa rai ba asarar ba ce, hannunsa ne. Shi kaɗai ne gadon da ya fito da shi daga ruga, kuma ashe shi ne yake zaɓo masa mafi muni a cikin tari, shekara da shekaru, har yana zaɓar wa wasu.

Washegari ya je wa George da maganar. George ya juya tayar ya kalli alamar, ya ce shi wallahi ya ɗauka tambarin kamfani ne. Suka zauna suka duba abin da ya rage. Sababbi huɗu sun kusa kuɗin karsanar da Yero ya kasa saye tun da ya fara tuƙi. Na gwanjo marasa alamar kuwa, waɗanda aka yi don zafi, kafin su iso rumfar George an riga an suɗe su, ko shingen jami'ai na farko ba za su wuce ba. Ita mai laushin ita kaɗai ce aljihunsa zai iya, jami'i kuma ya yarda da ita. Yero ya mirgino biyu masu alamar dutse ya ce a ɗaura.

Daga nan ya koma kiwon tayoyin kamar yadda ake kiwon dabba mara lafiya. Ya daina jigilar tsakar rana, ya riƙa neman inuwar bishiya ya ajiye motar ta huta. Ya sa jarkar ruwa a but, duk inda ya tsaya ya zagaya yana shayar da su ɗaya bayan ɗaya, tururi na tashi. Ya ƙara rage gudu har matan suka fara ƙorafi. Goggo Habiba, babbarsu, ta ce in haka ne gara a sayo jaki, ko ba komai shi ba ya shan fetur. Aka yi dariya, Yero ma ya murmusa. Bai gaya musu dalili ba, don ya san in suka sani za su nemi wata motar, kuma ba zai ga laifinsu ba. Zulai kaɗai ta sani, tunda a gabanta aka yi maganar. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, sai dai ta koma zama a kujerar gaba tana jan carbi.

Ranar da abin ya faru, wata Alhamis ce a tsakiyar bazara. An yi rasuwa a ɗaya daga cikin rugagen, aka kira matan a waya suna Wuse cewa za a yi jana'iza bayan azahar. Ba halin jiran la'asar, ba halin neman inuwa. Yero ya zuba wa tayoyin ragowar ruwan jarka ya ɗauki hanya rana na tsaka, matan na baya suna kuka suna roƙonsa ya taka. Ya taka kaɗan, ba da yawa ba. Sun wuce Dutse suna gangara sai tayar gaba ta hannun dama ta fashe. Sitiyari ya ƙwace, motar ta bar kwalta ta daki bakin kwalbati ta kwanta a gefen da Zulai take.

Ba wanda ya mutu. Goggo Habiba ta rasa haƙora, sauran suka tsira da ƙujewa. Zulai ce ta karye a kafaɗa, ƙashin wuyanta kuma ya taɓu. Likita ya ce za ta tashi ta yi tafiya, amma ta gama ɗaukar kaya a ka. Mace mai tallan nono kuwa, kanta ne rumfarta.

Motar ba ta gyaru ba, 'yan gwangwan suka saye ta a kilo, abin da suka bayar ya tafi a magani. George ya zo asibiti da ledar lemo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sannu, Yero." Shi ne karo na farko da ya kira shi da sunansa. Matan ruga suka zo dubiya ɗaya bayan ɗaya, kowacce na cewa ƙaddara ce, ai kowa ya san Yero ba ya gudu. Da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Bayan mako guda suka sami wata motar.

Ya nemi tuƙin haya a tasha, aka ce direbobi sun fi motoci yawa. Ya nemi gadi a rukunin gidajen da aka gina kan tsohuwar rugarsu, aka ce sai mai takardar sakandare. Da damina ta faɗi Baffa ya dawo. Bai yi gori ba, bai ce ai na gaya maka ba. Cewa kawai ya yi har yanzu attajirin na neman mutum.

Aka mayar da Zulai ɗakin mahaifiyarta. Khaula ta bar makaranta, tunda dole wani ya ɗebo ruwa ya ɗora tukunya. Da safen da zai tafi, Zulai tana zaune jingine da bango, ba ta iya juya wuya ta bi shi da kallo, sai ta ce wa yarinyar, "Raka babanki bakin titi, ki dawo ki gaya mini ya hau."

Yaron attajirin ne, wani dattijo mai babur, ya karɓe shi a bakin dajin, ya kai shi inda garken yake. Shanu ne masu yawa, farare, ƙosassu, irin waɗanda rabonsa da ganinsu tun yana saurayi. Dattijon ya gaya masa duk wadda ta ɓata a wuyansa take, ya nuna masa bukkar da zai kwana, ya tayar da babur ya tafi. Yero ya tsaya shi kaɗai da sanda a hannu. Ya buɗe baki ya yi musu kira irin na gidansu, wanda shanun mahaifinsa ke jin sa daga ƙetaren rafi su taho. Suka ci gaba da kiwonsu, ko ɗaya ba ta ɗago kai ba.