Rijiyar Baba a Bayan Gidanmu

Shekarar da aka yi ta sallamar ma'aikata, ni ma takardata ta fito. Na tattara matata da 'ya'ya biyu daga Sakkwato muka koma Bodinga, gidan da na bari tun ina ƙarami. Mahaifina ya rasu ina goye, ban san ko kamanninsa ba, kuma wannan ya daɗe yana cin raina. In na tambaya sai a ce mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. To, wa ya taɓa mutuwa aka ce ba na kirki ba ne?

Gidan ya yi mana kaɗan, sai na shiga haƙa harsashin ɗaki a kangon da ke baya, inda ake ɗaure awaki. Hannun da ya saba da biro, kwana biyu duk ya yi kanta. Rana ta uku diga ta daki wani abu mai tauri. Na share, sai ga bakin rami zagayayye, shafe da laso, ƙasar cikinsa shuɗiya.

Goggo, yayar mahaifina, ta leƙo da sandarta.

"Tsaya, ɗan nan! Mi kaka yi haka? Wanga wuri marina ta."

Ashe duk filin nan har bakin hanyar Danchadi rijiyoyin rini ne a da. Fatake kan kwana a nan suna jiran rigunansu su bushe. Da yadin kanti ya cika kasuwa aka watse, ƙasa ta rufe su. Shekara nawa ina wucewa ta kai in na zo ganin gida, ba wanda ya gaya mini.

Ta durƙusa da ƙyar, ta shafa bakin ramin.

"Wagga ta ubanka ta. Ga inda ta tsage nan, kullum sai ya ce gobe zai gyara. Malalaci kamar kai."

Na yi dariya, sai kuma hawaye suka zubo.

"Hannunsa har gwiwa shuɗin baba na, ba ya fita. Ranar sunanka ya ɗauke ka, farin zanenka duk ya ɓaci. Uwarka ta yi ta faɗa, shi ko ya ƙi aje ka."

Na matsar da harsashin taku shida gabas. Ɗakin ya fito a karkace, har yau matata tana mita. Washegarin ranar da na tono ramin na kwaɓa ƙasa na liƙe tsagar nan.