Rediyon da Na Haɗa a Gwangwanin Madara

Shekarar da aka katse layukan waya a Maiduguri, mu masu gyaran waya muka koma zaman kashe wando. Sai labari ya bazu cewa wasu 'yan ƙasar waje za su buɗe masana'antar haɗa rediyo kusa da Gomari. Aka ce duk mai neman aiki ya zo da abin da ya haɗa da hannunsa.

Kwana huɗu na yi ina haɗa rediyo a gwangwanin madara. Da ya kama tasha, har guɗa matata ta yi.

Ranar da baƙin za su zo duba filin, na rungumi gwangwanina na shiga layi. Tsabar wauta, na manta garin da nake ciki. Wata mata ta hango wayoyin wuta da batir suna leƙowa, ta kurma ihu, "Bam!" Jama'a suka watse, takalma ko'ina. Matasan unguwa suka danne ni, suka fasa mini baki, kafin wani dattijo da ya san ni ya kunna abin, rediyon ya hau karanta labarai.

Motocin baƙin kuwa tun daga nesa suka juya filin jirgi. Ba su sake waiwayarmu ba.

Yau awaki ke kiwo a wurin. In na ji ana cewa bam ne ya kore su, sai raina ya tafasa. Na san bam ɗin. Da hannuna na haɗa shi, don in samu aiki.