Ranar da Kaza ta Taka

Amalanken shanu ya taka yayana a hanyar gona, a Gurbin Bore, ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya huda fata. Mai ɗori ya zo ya ja ƙafar, ya jera mata kara ya ɗaure. Sannan ya sa aka kamo kaza, ya karya ƙafarta, ita ma ya ɗora ta. Haka ake yi a wajenmu: ranar da kaza ta taka, mai karaya ya taka. Ni aka ba kiwonta.

Ni mutum ne mai yawan dube-dube. Kullum sai na sunkuya na shinshina ɗaurin, na taɓa yatsun. Da na fara jin wari, na dami kowa har aka yarda muka kai shi asibiti a Kaura Namoda, daga can aka tura mu Gusau wurin likitan ƙashi. Aka yi masa tiyata, aka wanke ciwon, aka kafa ƙarfe ta waje da kusoshi masu shiga cikin ƙashi. Likita ya ce kada ya kuskura ya taka sai an sake ɗaukar hoton ƙashin. In ƙashin ya goce, yana iya rasa ƙafar. Na roƙe shi ya maimaita, na kuma tambayi nas ko na ji daidai.

Bayan mun koma gida kazar ta warke. Na tarar da ita tana tono a gindin rumbu. Na yi tunanin kife ta da kwando don kada a gan ta, sai na ga wannan ma ƙarya ce, ko da ban buɗe baki ba. Na bar ta.

Inna ta gan ta. Ta leƙa ɗakin Yaya ta ce, "To, kaza ta taka. Tashi, ɗan nan, damana ba ta jiran kowa."

Na ce, "Inna, likita ya hana."

"Likitan ya ga kazar?"

Yaya ya yi dariya. "Kai da tsoro aka haihe ka. Ko hura sai ka shinshina. Miƙo min sanda."

Ban miƙa ba. Na zauna a kanta a bakin ƙofa, ni da ban taɓa ƙin umarninsa ba. Ya zage ni, ya juya fuska bango. Washegari na samo mota muka koma Gusau, ko kallona bai yi ba a hanya.

Aka ɗauki hoton. Likita ya nuna mini wani baƙin layi a tsakiyar ƙashin. Na roƙa ya bar mini hoton, na kawo wa Inna, na ɗaga shi a rana. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a kan layin.

"Nan ne bai haɗe ba?"

"Nan ne, Inna."

"To, shi zamna. Kai kuma ɗauki galmarshi, gonarshi na jiran huɗa."

Ni na nome gonaki biyu a damanar nan.