Kwalin da Na Taka a Aubervilliers

Hannuna na dama ba ya dunƙulewa. Yatsu biyu sun sandare, in zan ci tuwo sai dai in kwasa kamar mai aiki da shebur. Kwali ne ya ja mini wannan, kwalin banza wanda babu komai a cikinsa.

Lokacin ina aiki a depo, wato rumbun ajiyar kaya, na wani Alhaji ɗan garinmu Maradi, a Aubervilliers, gefen Paris. In kamiyo, babbar motar kaya, ta zo mu sauke kaya, in an kwashe na ciki ni ke tattake kwalaye su kwanta, in ɗaure su, in kai bakin titi. Karatuna kaɗan ne. Allo ban yi nisa ba, lakwal kuma, wato boko, korata aka yi. Amma na san baƙi, na san wasali, in ka sa mini aya a gaba zan gane ta.

Wata shekara Alhaji ya fara sayo kaya daga Maleziya, hijabai da zannuwan ɗaurawa na maza. Kwalayen suna zuwa da rubutu a gefe, da baƙaƙen Larabci. Na tsaya na duba, domin da haka aka raine mu: ko guntuwar takarda ka gani a ƙasa, in dai da alif a jikinta, ɗauka za ka yi ka cusa a tsagar katanga. Na haɗa baƙin, bai ba ni komai ba. Babu wasali ko ɗaya. Ga ain da ɗigo uku a kansa, ga fa ita ma da uku, abin da ban taɓa gani a allo ba. Kusa da rubutun kuma hoton lema. Na ce wannan ajamin wasu mutane ne, kamar yadda kakana ke rubuta Hausa. Na sa ƙafa.

Shef ɗin depon, wato shugabanmu, ƙanin matar Alhaji ne. Ya ɗan zauna a ƙasar Larabawa, ya dawo kowa na ce masa Ustaz. Shi ya fito daga ofis ya same ni a kan kwalayen.

"Kai! Mi ka ke takawa?"

"Kwali, Ustaz."

"Ba ka ga rubutu ba? Makaho ne kai?"

"Na gani. In aya ce karanta mini."

Ya duƙa, leɓensa na motsi, bai fitar da komai ba. Wani ɗan Mali da muke sauke kaya tare ya yi dariya. Dariyar nan ita ta ƙarasa ni.

Da mari ya fara. Na riƙe masa riga, ya fizge, ya rarumo ƙarfen da muke ɓamɓare palet da shi, katakon nan da ake jibge kaya a kai. Na farko ya sauka a kafaɗata. Na ɗaga hannu in kare kaina, na biyu ya sauka a kan yatsu, na ji sun yi ƙara kamar an karya karan dawa. Na faɗi a kan kwalayen, ya bi ni da ƙafa, a ciki, a baki, yana cewa kafiri, ɗan wuta. Jinina ya jiƙa rubutun da ya ke yi wa faɗa, takalminsa kuma a kai, bai ko lura ba. Sai da wata 'yar China mai depon kusa ta fasa ihu aka zo aka janye shi. Na tofar da haƙori.

Ba ni da takardun zama a lokacin, saboda haka zancen polis bai taso ba. A asibiti na ce palet ce ta faɗo mini. Alhaji ya zo ya zauna bakin gado ya ce, "A rufe maganar nan, mu duka 'yan gida ɗaya ne." Aikin ma ya rufe tare da maganar.

Hannun ba shi ne ya fi ci mini rai ba. Kafin a cire mini filasta, duk Goutte d'Or, unguwar da 'yan ƙasarmu ke zaune, an san ni da mai taka aya. In na yi sallama, a amsa a ciki-ciki. Na shiga sahu, wanda ke gefena ya janye ƙafarsa daga tawa. Wani da ban taɓa gani ba ya tofa mini yawu a bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Labarin ya kai Maradi, uwata ta kira ni tana kuka, tana tambayata ko gaskiya ne na bar salla. Sunana na ke so a wanke, ba wani abu ba. Da na kasa, na tattara na tafi Lyon.

A can, a unguwar Guillotière, na samu wankin kwanuka a wani gidan abinci. Kukun dattijo ne, mutumin Maleziya, ba ya wasa da salla. Ran nan na fita bayan kicin na same shi yana tattake kwalayen miya, da irin wancan rubutun a jiki. Ban san lokacin da na cafke masa ƙafa ba.

"Baba, tsaya! Za su kashe ka!"

"Su wa?" ya ce, yana kallona kamar na zautu.

Na ba shi labari da guntun Faransancina. Bai yi dariya ba. Ya ja ni muka zauna, ya ce rubutun yarensu ne, kuma yana da ƙa'idarsa. Sun ƙara baƙaƙe don sautin da Larabci ba shi da shi, su ne masu ɗigon nan. Ba su sa wasali, alif da wawu da ya ke riƙe musu murya. Kalmar da suka aro daga Larabci kuma suna barinta yadda ta ke. In kalma ta maimaitu, kamar mu ce sannu-sannu, sau ɗaya za su rubuta su sa lamba biyu a gabanta. Ya ce a garinsu har sunan titi da allon mai sayar da kifi da shi ake rubutawa.

A unguwar akwai wani kanti da ke sarin kayan Alhaji. Na je na roƙi kwali ɗaya, irin wanda na taka sak. Dattijon ya karanta ina ɗaukarsa a waya: sunan kamfani, zanen maza, auduga, a kiyaye ruwa. Shi ke nan. Abin da aka karya ni a kansa ke nan.

Na ɗauki kwalin na shiga jirgin ƙasa zuwa Paris ran Juma'a. Da aka sallame na tsaya a ƙofar masallacin da suke salla, na tare Alhaji da ƙanin matarsa a gaban mutane, na kunna musu wayar. Aka taru aka saurara har ƙarshe.

"To, zane ne ashe," in ji wani.

Ustaz ya gyara hula. "Ko zane ne, alif dai alif ne. Ba a takawa."

"Kai da ka taka shi da jinina a kai fa?"

Alhaji ya dafa ni. "Haba, abu ya wuce. Kai ma ka cika riƙo."

Na ɗaga masa hannun har gaban hancinsa. "Alhaji, wannan ya wuce?"

Babu wanda ya ce a yi haƙuri, babu wanda ya ce an zalunce ni. Sai na yar da kwalin a ƙasa na hau shi da ƙafa biyu. Na tattake shi, na murje shi da dunduniya har ya yage, ina jiran in ga wanda zai taɓa ni. Ustaz ya yunƙuro, na ce, "Zo, ga ɗayan hannun." Aka riƙe shi. Sauran suka ja da baya suna salati.

Da na gaji na sauka, ina haki. Wani tsoho, wanda ya ji duk abin da wayar ta faɗa da kunnensa, ya duƙa da kyar ya tsince gutsattsarin da ke da rubutu, ya kaɗe musu ƙura, ya sa a aljihun rigarsa. Da zai wuce ta gabana sai ya tattare rigar don kada ta taɓa ni.