Hutuna a Bakin Ramukan Zinariya

A shekarar da na fara koyarwa a Dutsin-Ma, kafin a sami mulkin kai, da aka ba mu hutu sai na hau keke na nufi wani ƙauye gaba da Kurfi, inda yayata take aure. Mijinta manomin rake ne, yana da fadama a bakin rafi da injin matsar rake wanda doki ke juyawa. Ba ni da wani buri sai in kwanta a inuwa, in sha rake, in ci mazarƙwaila da zafinta.

Na iske dokin a ɗaure, injin ya yi tsatsa. Yayata ta ce bayan girbi wani baƙo ya wanke yashi a rafin, ya ce ya ga zinariya. Tun daga ranar mutane ke ta ɓullowa, wasu daga Birchi, wasu daga Wurma, wasu ma ba a san garinsu ba. Sun kafa bukkoki, har da masu tuwo da mai aski.

Da yamma na gangara. Duk bakin rafin ramuka ne, maza sun shige har wuya suna miƙo ƙasa a kwando. Sun tare ruwan da ke bi ta fadamar don su sami na wanke yashi, raken kuwa ya soma yin ja. A cikin wani rami na ga mijin yayata, fuska duk laka. Ya fito da murna, ya kwance bakin zanen da ya ɗaura, ya nuna mini wasu ƙwayoyi masu ƙyalli.

"Malam, kai ka yi karatu. Duba mini, ita ce?"

Na juya su a tafin hannuna. Ban taɓa ganin ɗanyar zinariya ba, na gaya masa haka. Ya yi dariya, ya ce kunya nake ji, ya koma ramin.

Washegari yayata ta tare ni a zaure, ta roƙe ni in yi masa magana, wai zai ji tawa. Na yi. Na ce ko rabin yini ne ya ba raken, ya buɗe wa ruwan hanya. Ya saurare ni har na gama, ya ce in ya bar ramin na sa'a guda wani zai shige. Na je wurin mai unguwa, na same shi ya tura 'ya'yansa haƙa. Ni da yayata muka gwada ɗibar ruwa da tulu muna zubawa, ƙasar ta shanye kamar ba a zuba ba. Sai na bari. Sauran hutun a kan tudu na yi shi, ina kallon raken yana bushewa layi-layi.

Ranar da zan tafi ta raka ni bakin hanya. Ba ta yi kuka ba, sai dai ta ce, "Ka gaida su Inna. Kada ka faɗa musu."

Ban faɗa ba. Da damina ta sauka ruwa ya cike ramukan, baƙin suka watse. Wani maƙerin zinariya a Katsina ya duba ƙwayoyin ya ce dutse ne. A kakar da ta biyo baya mijin yayata ya tafi cin rani kudu, yayata ta zauna ita da uwarsa tsohuwa.